Shehin Yayana: mai tausayi ne ko inuwar giginya?

Nura Tela: Assalamu alaikum. Iyaye da yayye, ku yi mini haƙuri, zan kawo wata magana da ta hana ni barci kwana uku. Tun yanzu ina roƙo kada kowa ya tambaye ni sunan malamin, ba zan faɗa ba. Yayana da nake bi, shekararsa 14 yana hidima a gidan wani shehi. Direba ne. Duk ziyarar da za a tafi motarsa ake cikawa, shi zai zuba mai, ko sisi ba ya karɓa. Duk kaka sai ya kai buhun masara biyu da na wake ɗaya daga 'yar gonarmu ta gado. Watan jiya 'yarsa mai shekara 9 ta kwanta, likita ya ce sai an yi mata aiki a ciki, naira dubu 380. Ya je gidan shehi sau uku. Na farko aka ce shehi yana halwa. Na biyu aka ce yana da baƙi daga Abuja. Na uku wani hadimi ya fito masa da ruwan addu'a a gora da naira dubu 5 a ambulan. A satin nan ɗin kuma aka yi maulidi a gidan, da idona na ga bidiyon: an ba wani sha'iri sabon babur, an ba wani kujerar Umara, ana ta kabbara ana cewa kyautar shehi ba irin ta mutane ba ce. Ni na sayar da keken ɗinkina ɗaya, ƙanwarmu ta sayar da 'yan kunnenta, aka yi aikin, yarinya tana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na yi magana sai Yaya ya ce in yi istigfari, ai ruwan ne ya sa aikin ya yi kyau. To ta yaya ake gane malami mai tausayi da kyauta na gaskiya? Ko ni ne Shaiɗan yake buga wa ganga?

Safiya Nas: Wa alaikumus salam. Sannu Nura, Allah ya ƙara mata lafiya. An cire zaren?

Nura Tela: An cire shekaranjiya Anti, har ta fara cin tuwo.

Mukaddam Bashir: Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Nura ƙanina, zan fara da ja maka kunne cikin ƙauna: naman malamai guba ne, a riƙa taka-tsantsan. Sannan ka gyara lissafinka tun daga tushe. Hadiyya ba adashi ba ce, da za ka yi ta zubi ranar da kwasarka ta zo ka je ka ɗauka. Yayanka don Allah ya kai masara, ladansa yana wurin Allah. In ya kai ne don ranar da ya shiga matsala a biya shi, to ciniki ya yi, ba hidima ba. Na biyu, mafi yawan kyautar da kake gani a wurin maulidi ba daga aljihun shehi take fitowa ba. Wani attajiri ne zai sayi babur ya ce a ba wane ta hannun shehi don tabarruki. Shehi ba shi da ikon ya sayar da babur ɗin ya kai asibiti, amana ce. Na uku, ka taɓa leƙa madafin irin waɗannan gidajen? Tukunya ba ta sauka daga kan murhu tun asuba har bayan isha'i. Baƙo, mahaukaci, bazawara, wanda mota ta zubar a tasha, kowa ci yake ba a tambayarsa daga ina. Masarar Yayanka can ta tafi.

Abu Sumayya: Mukaddam, da girmanka, amma wannan bayani shi ne irin wanda ake rufe bakin talaka da shi shekara da shekaru. In zai kawo a ce don Allah, in zai nema a ce ba adashi ba ne. Allah ya faɗa a Suratut Tauba aya ta 34 cewa da yawa daga malaman Yahudu da masu ibada na cikin Nasara suna cin dukiyar mutane da ƙarya, ba don mu yi musu dariya aka saukar da ita ba, don mu duba kanmu ne. A Yasin kuma mutumin nan da ya zo da gudu daga ƙarshen gari hujjarsa ita ce ku bi waɗanda ba sa tambayar ku lada. Sannan batun baƙi daga Abuja: wace sura ce ta sauka saboda Ibn Ummi Maktum, makaho, ya zo lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa? In har an yi wa Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magana a kan haka, wane ne shehin da ya fi ƙarfin a tambaye shi?

Baba Lawan: Abu Sumayya, Mukaddam, ina ganin inda kuka nufa. Ba za mu mayar da maganar nan ta ɗariƙa da Izala ba, mun sha wannan a watan azumi har mutum uku suka fita. Yaro ya yi tambaya a kan tausayi da kyauta, a tsaya a nan.

Abu Sumayya: Na ji Baba. Ban kira sunan kowa ba ai.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in sa baki, don ni a gidan malami aka haife ni, a can na yi wayo har aka kai ni ɗaki. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, duk garinmu an san shi da kyauta. In aka kawo masa rago da safe, kafin azahar ya bar gidan. Riga in ya sa sau ɗaya wani ya yaba, cirewa yake ya ba shi. Har yau in na je garin ana nuna ni ana cewa 'yar Malam mai buɗaɗɗen hannu. Amma ni na san daren da muka kwana da ruwan kanwa a cikinmu saboda an kwashe tuwon gidan gaba ɗaya an kai zaure, baƙi sun zo. Na san ranar da ya ɗauki tasoshin Innarmu na aure ya ba wani da zai aurar da 'ya, bai tambaye ta ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta share hawaye, don wa za ta kai wa ƙara? Wa zai yarda Malam ya yi ba daidai ba? Kishiyar Innarmu ce mai baki, ita ce take ce masa inuwar giginya, na nesa ka sha. Ban ce ba mutumin kirki ba ne, wallahi ko allura bai bari ba da ya rasu, ba don kansa yake tarawa ba. Amma da na girma na gane kyauta daban, tausayi daban. Mutum zai iya zama mai kyauta saboda ba ya iya kallon idon baƙo ya ce babu, alhali idon matarsa ya saba da shi. Saboda haka Nura, in kana son ka san malami, kada ka tambayi wanda ya zo ziyara daga nesa ya sumbaci hannu ya tafi. Tambayi matar da take tuƙa tuwon baƙin, da yaron da yake wanke kwanukan.

Safiya Nas: Hajiya kin gama magana wallahi.

Mukaddam Bashir: Hajiya, Allah ya jiƙan Malam. Amma ai abin da kika faɗa yabo ne a wurinmu, fifita wani a kan kai ko da ana cikin buƙata, Alƙur'ani ya yabi mutanen Madina da shi.

Hajiya Rabi: A kan kai aka ce Mukaddam, ba a kan cikin 'ya'yan mutane ba. Shi in ya ga dama ya yi azumi. Mu 'yan shekara 6 da 7 ba mu yi niyyar azumi ba.

Malam Bello Sakkwato: Hajiya ta tuna min da magana wadda Mujaddadi Shehu Usmanu ya yi da kainai. Cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malamman da ka barin matansu da ɗiyansu mata cikin jahilci, su fita waje suna karantar da almajirai, yac ce wanga neman suna na cikin mutane. Kun ga ke nan awon da Hajiya ta kawo ba sabo ba na, Shehu ma daga cikin gida yaf fara duba malami. Sannan ga abin da ya faru Magami wajen 1788, zamanin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. An tara malammai ga Sallah, sarki ya rarraba dukiya, kowa ya amsa. Shehu yac ce shi da jama'atai ba su buƙatar dukiyar sarki, abu biyar shika so: a bar shi shi yi kira zuwa ga Allah cikin ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda anka ɗaure, kuma a sassauta ma talakawa haraji. Ku dubi na huɗu da na biyar. Mutum ya samu dama gaban sarki, bai roƙa ma kainai komi ba, ɗaurarru da talakawa yat tuna. Kuma ana ba da labari igiya shika tufkawa a sayar shi ci. To in malami ya shiga wurin gwamna yau, ku tambaya mi yaf fito da shi: mota, ko an saki wani, ko an gyara asibitin garinsu?

Abu Sumayya: Allahu akbar. Wannan awon ya isa.

Baba Lawan: Ya isa kowa da kowa fa, Abu Sumayya. Na ga masu wa'azi na ɓangarenku su ma a ƙofar gidan gwamnati lokacin zaɓe, kuma ba da ƙafa suka koma gida ba.

Abu Sumayya: Ban musa ba Baba. Akwai wanda na daina sauraro saboda haka. Ya tara kuɗin ginin masallaci shekara 4, har yau ginin yana linta, gidansa kuwa an kai hawa biyu. Da aka tambaye shi ya ce kyauta ake yi masa. Na tuna masa hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa. Tun ranar ba ya amsa sallamata. Cutar ba ta san ɗariƙa ko Izala ba, na yarda.

Gardi Ilu: Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba amma wannan magana tawa ce, don ni aka yi wa. Ina shekara 7 aka kai ni gabas. Malamai biyu na zauna a hannunsu. Na farko yana da suna, manyan mutane suna zuwa da mota a yi musu addu'a, in za su tafi ya sa a bi su da zabi da ƙwai. Mu kuwa ranar Laraba in ba ka kawo kuɗin Laraba ba jikinka zai gaya maka. Da damina mu ne a gonarsa tun safe, a ce albarka muke nema. Akwai tabon bulala a bayana har yanzu, matata ta sha tambaya. Na biyun wani tsoho ne, rigarsa biyu, ba wanda yake zuwa wurinsa da mota. Ba shi da abin da zai ba kowa. Amma ba ya cin abincin dare sai ƙolo na ƙarshe ya dawo daga bara, ya leƙa robar kowa, wanda bai samo ba ya ɗiba daga nasa ya zuba masa. Shekarar da ƙyanda ta shigo tsangaya shi ya goya wani yaro a bayansa har asibitin gari, tafiyar da ta fi awa biyu. In ya yi maka bulala da rana, da dare zai kira ka ya tambaye ka ko akwai zafi. Yanzu in kuka je garin kuka ce wane ne mai kyauta, na farko za a nuna muku. Ni kuwa duk sallah na biyun nake fara yi wa addu'a kafin ubana.

Safiya Nas: Allah sarki. Allah ya jiƙansa.

Mukaddam Bashir: Ilu, Allah ya saka wa tsohon nan. Amma ina so a yi adalci ga wani abu guda. Tarbiyya ba kullum take zuwa da fuskar da muke so ba. Shehi yakan hana almajiri don ya yaye shi daga dogaro da mutum, yakan yi masa shiru don ya karya masa girman kai. Magabata suka ce muridi a hannun shehinsa kamar gawa ne a hannun mai wanka. Annabi Musa ma bai iya haƙuri da Halliru ba, ya ga an huda jirgi, ya ga abin da hankalinsa bai ɗauka ba, ashe akwai hikima. Wa ya sani ko Yayan Nura jarrabawa ake yi masa?

Malam Bello Sakkwato: Mukaddam, Allah shi gafarta ma, mu karanta ƙissar har ƙarshe. Jirgin na wa na? Na miskinai masu aiki cikin kogi, an huda shi don kada azzalumin sarki shi ƙwace. Bangon na wa na? Na marayu biyu, kuma an gina shi kyauta cikin garin da anka hana su abinci, har Annabi Musa yac ce da ka so da ka amshi lada. Duk abin da Halliru ya aikata, mai rauni yac ci amfaninai, shi bai ci komi ba. Kuma bai rabu da Annabi Musa ba sai da ya bayyana mai dalili ɗaya bayan ɗaya. In za a ara ƙissar a ara duka. Sannan in jarrabawa ta, uban anka jarraba ko ɗiyar da ciki ka ma ciwo? Ita ba ta amshi ɗariƙa ba.

Gardi Ilu: Da sunan tarbiyya aka ɗaure mutane da mari a Rigasa ta Kaduna, 2019, da 'yan sanda suka shiga mutum wajen 300 suka fito da su, har da yara. Iyaye da kansu suka kai su suna biyan kuɗi. Ni tun daga nan in na ji an ce wahala tarbiyya ce sai na tambaya wa yake shan wahalar wa yake cin riba.

Mukaddam Bashir: Wancan zalunci ne, ba mai kare shi, kuma ba shi da alaƙa da zawiya. Kada a haɗa.

Safiya Nas: Bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Ba na faɗa da ruwan addu'a, ni ma ina sha, ina ba 'ya'yana. Abin da yake ba ni takaici shi ne a kawo mana yaro bayan kwana 10 ana ba shi rubutu, cikin ya riga ya kumbura, a ce malam ne ya ce a dakata. Malamin da yake da tausayi shi ne zai tofa addu'ar ya ce maza ku wuce asibiti yanzu. Kuma akwai su. Akwai wani dattijo da yake zuwa ɗakinmu duk Juma'a bayan an sauko, ya tambayi wa aka sallama ya kasa biya, ya biya, ya karɓi rasit ya tafi. Mun fi shekara muna zaton ɗan kasuwa ne. Ashe aike ne daga wani shehi, kuma an gargaɗe shi kada ya faɗa. Wata mai shara ce ta gane shi. Babu bidiyo, babu kabbara. Ban ce duk wanda ya bayar a fili riya yake ba, Baƙara ta ce in an bayyana sadaka madalla, in an ɓoye aka ba mabuƙata ya fi. Amma babur a gaban kyamara da dubu 5 a ambulan a sati ɗaya, dole zuciya ta yi tambaya. Nura ba shi da laifi.

Isuhu Dosso: Gaisuwa daga Nijar. Ni ina ganin matsalar ta wuce halin mutum ɗaya, rashin tsari ne. Dukiya tana shiga gidajen shehunnai, wannan ba a ɓoye yake ba, amma tana shiga hannu ta fita hannu, wanda ya fi kusa ko ya fi baki shi ke samu. A nan Kiyota, Sayyida Ummul Khairi, ɗiyar Shehu Ibrahim Inyass, wadda ake kira Mama Kiyota, ƙungiyar mata ta kafa da makarantu, abin ya zama aiki mai ɗorewa ba kyautar rana ɗaya ba. A Senegal kuma na je Tuba, garin Shehu Ahmadu Bamba wanda ya rasu a 1927. Almajiransa, har da masu talla a Turai da Amurka, sun tara kuɗi sun gina asibiti sukutum, Matlabul Fawzaini. Ban ce can babu masu ci da rawani ba, akwai. Amma da zawiyar su Yayan Nura tana da asusun marasa lafiya, da mutum uku masu riƙe da littafi, da bai je ya tsaya a zaure sau uku kamar mai bara ba. Haƙƙinsa zai nema, ba alfarma ba.

Abu Sumayya: Ka ce littafi? Ranar da aka ce a rubuta abin da ya shigo, ranar za a ce kai munkiri ne.

Mukaddam Bashir: Ba haka ba ne ko'ina. Amma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ban so faɗa ba. Kalmar nan "shehi yana halwa", ni ma na faɗe ta da bakina, shekaru da suka wuce lokacin ina tsaron ƙofa, alhali shehi yana ciki yana shan shayi. Ba shi ya sa ni ba. Mu ne muke duba mutum daga takalminsa mu yanke ko ya isa ya shiga. Wani lokaci tausayin tsohon muke ji, mutum 200 a rana kowa da kukansa. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mana, wanda ya saba sa mana wani abu a aljihu shi ke wucewa. Na fi zaton shehin nan bai ma san an zo ba. Nura, in ka yarda ka kira ni ta waya ka faɗa mini gidan, ba zan faɗa wa kowa ba. In ina da wanda na sani zan nema muku shiga.

Hajiya Rabi: Mukaddam, Allah ya yi maka albarka da wannan gaskiyar. Amma makiyayin da bai san abin da karensa yake yi wa baƙi ba, shi ma akwai tambaya a kansa. Anas ɗan Malik shekara 10 yana yi wa Annabi hidima ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Mai hidima ne ya ba da shaida, ba baƙo ba.

Nura Tela: Na kira Mukaddam. Zan dawo muku da abin da ya faru in sha Allah.

Nura Tela: Salam. Kwana biyu kun ji ni shiru. Jiya bayan sallar asuba muka shiga, ni da Yaya, da ƙyar ya yarda ya bi ni, yana ta cewa zan ja masa fushin shehi. Wani abokin Mukaddam ne ya shigar da mu ta ƙofar baya. Zan faɗi abin da na gani, ku yi hukunci, don ni kaina ya ɗaure. Tsoho ne sosai, ya fi yadda yake a hoto, yana zaune a kan buzu, ɗakin babu komai sai littattafai da buta. Da Yaya ya kasa magana ni na faɗa. Ya yi salati, ya ce wallahi ba wanda ya gaya masa, ya tambayi sunan yarinyar ya yi mata addu'a mai tsawo har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga gefen buzun ya kwaso duk abin da yake wurin bai ƙirga ba ya ba Yaya, da muka fito muka ƙirga dubu 62 ne da 'yan canji. Babur kuwa gaskiyar Mukaddam ce, wani ɗan siyasa ne ya kawo. Wannan ke nan. Amma kuma: sau biyu yana ce wa Yaya "direba", sai da abokin Mukaddam ya raɗa masa sunan. Shekara 14. Hadimin da ya kawo ambulan ɗin yana tsaye a wurin, shehi ya dube shi ya ce "ku riƙa jin tsoron Allah", shi ke nan, da muka fito shi ne dai a bakin ƙofa da makulli. Kuma a zauren da muka bi, cikin sanyin nan, na ƙirga yara 11 a kwance a kan siminti, tabarma biyu, ba bargo ko ɗaya, ga motoci uku a rufe da tamfol a tsakar gida. Yaya tun jiya yake kuka yana cewa ka gani, ka gani. Ni kuma na gani ɗin, amma ban san me na gani ba.

Abu Sumayya: Motar an lulluɓe ta, yaron ba a lulluɓe shi ba. Ni dai nan na tsaya.

Mukaddam Bashir: Ni kuma na tsaya a kan tsohon da ya kwashe duk abin da yake da shi bai ƙirga ba. Motocin ka tabbata nasa ne? Sau da yawa na 'ya'ya ne da na baƙi. Amma maganar yaran ba ni da amsa, kuma zan kira abokin nawa a kanta yau.

Malam Bello Sakkwato: Aƙra'u ɗan Habis ɗiya 10 gare shi, shugaba na cikin mutanensa, yac ce bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kun san amsar da yas samu ga Annabi: wanda ba shi tausai, ba a tausaya mai. Tausai na ganin ido na, sai ka duba kaka gani. Tsohon ga da anka kai mai kuka gabanai ya ji. Abin da ban sani ba, yaushe rabon shi bi ta zauren nan da asuba.

Gardi Ilu: Ta nan yake bi zuwa masallaci mana Malam. Ido ne yake sabawa. Mu ma da muke kwana a haka ba mu san abin a ji tausayi ba ne sai da muka girma.

Hajiya Rabi: To ni dai ina da barguna huɗu da ba a amfani da su tun da yara suka watse. Mukaddam, in abokin naka zai karɓa ya shimfiɗa musu da hannunsa, ba ya ba mai makulli ba, a zo a ɗauka. Nura, keken da ka sayar nawa ne, kuma wanda ya saya zai yarda ya mayar?

Nura Tela: Dubu 95 ne Hajiya. Maƙocina ne, ya ce in na kawo kuɗin kafin ƙarshen wata zai ba ni. Yaya ya ce in karɓi dubu 62 ɗin, na ce a fara fanso 'yan kunnen ƙanwarmu, don mijinta bai ma san ta sayar ba.

Baba Lawan: To a fara da 'yan kunnen. Na keken kuma ni zan sa dubu 10, wanda zai ƙara ya same ni ta waya kafin Juma'a. Safiya, ke za ki riƙe lissafin, ki rubuta sunan kowa da abin da ya kawo.

Safiya Nas: To Baba. Nura, ka ce wa matar Yaya kada yarinyar ta ɗauki bokitin ruwa tukuna, ko ta ce ta warke.